Yadda ake fitar da ɗaliban sakandare sansanin koyon shugabanci

Malamai 'yan'uwana, musamman waɗanda aka ɗora wa kula da shugabannin ɗalibai ko 'yan sikawut, da ku nake. Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar kwana, kuma na daɗe ina fita da yara hawan dutse da kwanan sansani lokacin hutu. Abin da na yi imani da shi shi ne, yaro ba ya koyon shugabanci sai an damƙa masa wani abu na gaske a hannu, abin da in ya yi sakaci da shi mutane za su ji a jikinsu: tukunyar abincin mutum goma, ko jarkar ruwansu, ko hanyar da za ta mayar da su masauki kafin magariba. Namu aikin shi ne mu shirya wurin ta yadda kuskuren yaro zai tsaya a kan yunwar awa ɗaya ko ciwon ƙafa, kada ya kai ga taɓa lafiya ko rai.

Wannan irin horo ya daɗe a ƙasar nan. A 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya buɗe cibiyar horo a Man O' War Bay, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Ya ɗauko tsarin ne daga makarantar Outward Bound da Kurt Hahn da Lawrence Holt suka kafa a Aberdyfi ta yankin Wales a 1941, don ƙarfafa zuciyar matasan matuƙa jirgin ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu. Da Kudancin Kamaru ya rabu da Najeriya a 1961 sai cibiyar ta dawo cikin ƙasa, kuma ita ce yau Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ta gwamnatin tarayya, mai makarantar kan dutse a Shere Hills da ke Jos da ta ruwa a Apapa da ke Legas. Daga nan 'yan Man O' War da muke gani a makarantu suka samo sunansu. Makarantar da take da hali tana iya rubuta wa cibiyar ta Shere ta nemi a karɓi ɗalibanta, don can akwai ƙwararru da kayan hawan dutse. Amma yawancinmu ba mu da kuɗin wannan tafiya, saboda haka zan yi bayanin sansanin da malamai huɗu ko biyar za su iya shiryawa da kansu.

Su wa za a ɗauka, kuma yaushe

'Yan aji biyu na babbar sakandare su ne suka fi dacewa. Su ne za su karɓi ragamar makaranta in na gabansu sun fita, kuma jarrabawar WAEC da NECO ba ta riga ta sha musu kai ba. Kada ka zaɓi masu ƙoƙari a aji kaɗai, kada kuma ka tsaya kan masu baki. Saka shiru-shiru, saka wanda ya addabi kowa da ƙiriniya, saka ɗan ƙauye da ɗan birni, Musulmi da Kirista in makarantarku tana da duka. Sau da yawa yaron da ake raina wa wayo a aji shi ne ya san yadda ake hura wuta da ɗanyen itace, kuma ranar da ɗan gidan manya ya tsaya yana koyo a wurinsa, wani abu ya gyaru tsakaninsu wanda lacca ba ta gyara shi. Yara 30 zuwa 40 sun isa. Kowane yara goma su samu malami ɗaya, ban da mai kula da lafiya da direba.

Lokacin da na fi so shi ne hutun ƙarshen zango na farko, a Disamba. Ciyawa ta bushe, ana ganin inda ake taka ƙafa, rana ba ta da zafi sosai. Sai dai a yi shirin sanyi, don a tsaunukan Filato dare yakan yi sanyin da yaron Sakkwato ko Maiduguri bai saba ba: rigar sanyi, safa, hular sanyi, bargo, da man shafawa saboda kaushi da tsagewar leɓe. Hutun Afrilu na guje masa, saboda lokacin tsananin zafi ne kuma lokacin sanƙarau, ba a so a cunkusa yara a ɗaki ɗaya. Dogon hutu kuwa damina ce: dutse yana santsi, rafi yana cika cikin minti kaɗan ko da ba a yi ruwa a inda kuke ba, ga tsawa. Kwana huɗu ko biyar sun wadatar. In bai kai uku ba, yara ba sa fita daga halin baƙunta.

Wuri, tsaro da amincewar iyaye

Babu malamin da zai yi maganar kwana da yara a waje yau ba tare da ya tuna sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba, da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024. Iyayen da suka ji tsoro suna da gaskiya, kuma kada ka yi musu gardama. Shawarata ita ce a raba wurin kwana da wurin aiki. A kwana a wuri mai katanga da masu gadi a cikin gari ko gefensa, ko da makarantarku ce da kanta lokacin da kowa ya tafi hutu, ko wata makarantar kwana da kuka yi yarjejeniya da ita. A kafa tantuna a filin ƙwallo in ana son yara su ɗanɗani kwanan waje. Da safe a fita dutse ko gona ko bakin kogi, a dawo da rana a sama. Dala da Gwauron Dutse suna tsakiyar Kano, Kufena tana gefen Zariya, kuma kusan duk garin da ka duba akwai wani tudu ko fadama ko tsohuwar ganuwa da za a yi wuni guda ana koyon abu a kai. Sai dai sunan wuri ba shi ne tabbacin zaman lafiyarsa ba. Inda aka je bara lafiya, bana sai an sake tambaya.

Tambayar kuwa da ƙafa ake yin ta. Mako biyu ko uku kafin tafiya, ka je da abokin aiki ɗaya ku taka duk hanyar da yara za su taka. Ku duba agogo, sannan ku ninka lokacin, don tafiyar yara goma ba ɗaya take da ta manya biyu ba. Ku lura da inda sabis na waya yake ɗaukewa, da inda mota za ta iya shigowa in an samu matsala, da nisan asibiti mafi kusa. Ku fara da gaisuwa wurin dagaci ko mai unguwa, ku faɗa masa ko ku su wane ne da ranar da za ku zo, ku roƙe shi ya haɗa ku da mutumin gari wanda ya san dajin, maharbi ko ɗan banga, wanda zai yi muku jagora a kuma biya shi haƙƙinsa. Shi zai gaya muku inda ƙudan zuma suke a kogon dutse, da gonar da ba a ratsawa, da wurin da mutanen garin suke girmamawa ba a hawa. Daga nan ku kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, da ofishin ilimi na shiyya, bayan shugaban makaranta ya sa hannu. In mutanen gari suka ce muku kwanan nan akwai motsi, a fasa, ko da an riga an biya kuɗin mota. Kada a yi tafiyar dare, kada a ɗora wa bas fiye da kujerunta, kuma kada kowa ya sa hoto ko sunan wuri a Facebook ko WhatsApp sai an dawo gida.

Iyaye kuma a tara su ido da ido, takarda kaɗai ba ta isa ba. Ka gaya musu inda za a kwana, da wanda zai kwana tare da yara, da abin da za a ci, da yadda za a kashe kowace naira. Ka ba su lambar malami ɗaya da lokacin da za a riƙa kira kullum. A takardar amincewa a tambayi abu huɗu ƙarara: sikila, asma, farfaɗiya, da abinci ko maganin da jikin yaro ba ya karɓa. Wasu iyayen suna ɓoye farfaɗiya don kunya, saboda haka ka tabbatar musu ba don a hana yaro zuwa ake tambaya ba, don a san yadda za a kula da shi ne. Mai sikila yana iya zuwa, amma ba a sa shi hawan da zai galabaitar da shi, ba a barinsa cikin sanyi, kuma ruwa ba ya yanke masa.

In akwai 'yan mata, dole a samu malamai mata da za su kwana tare da su, da masauki da banɗaki nasu daban. Na ga amfanin gayyatar uwa ɗaya ko biyu daga ƙungiyar iyaye da malamai su zo a yi da su, don da bakinsu ake shawo kan sauran iyaye a shekara mai zuwa. A saka audugar mata cikin kayan lafiya ba sai an tambaya ba. Dogon wando da riga mai kai gwiwa da ƙaramin hijabi sun fi zani da dogon hijabi wajen hawan dutse, don dogon yana sarƙe ƙafa yana kuma rufe inda ake takawa. Doka guda kuma ta hau kan kowa, namiji ko mace: babu babban da zai keɓe da ɗalibi shi kaɗai inda ba a ganinsu.

Rukuni da juyin shugabanci

Nan ne ainihin aikin yake. Raba yaran rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma, kai za ka raba da kanka, ka wargaza abokai da 'yan gari ɗaya. A makarantar haɗaka na fi son rukunin mata daban, domin in aka cakuɗa, samari ne ke ƙwace taswira da igiya, a bar wa 'yan mata tukunya. In suna rukuninsu, su za su riƙe taswirar, su ɗauki jarkar, su yanke shawara.

Kowane rukuni yana da shugaba, amma na wuni ɗaya tak, ko ma rabin wuni in kwanakin kaɗan ne, yadda kowa zai ɗanɗana. Ban da shugaba akwai mai kula da ruwa, mai kula da lokaci, ma'ajin abinci, mai ɗauke da jakar magani, da mai bin baya wanda ba ya barin kowa ya zauna a bayansa. Su ma waɗannan ana juya su. Da asuba bayan salla ka kira shugabannin ranar su kaɗai, ka faɗa musu abin da ake so a cim ma: yau za a kai kan dutse kaza a dawo kafin la'asar, za a ci abinci sau uku, ga kayan da aka ware muku. Kada ka faɗa musu yadda za su yi. Su koma su tsara da mutanensu.

Abin da ya fi wa malami wuya shi ne kame baki. Za ka ga sun zuba shinkafa ruwan bai tafasa ba, ko sun ɗauki hanya mai nisa alhali ga gajeriya, ko shugaba yana ta tsawa babu mai sauraronsa. Bakinka zai yi ƙaiƙayi. Ka tambayi kanka abu ɗaya: shin wannan kuskure zai ji wa wani ciwo? In a'a ne, yi shiru ka rubuta a ɗan littafinka. In e ne, tsayar da komai nan take, ba sai ka nemi izinin kowa ba, kuma yara su san tun ranar farko cewa in malami ya busa usur sau uku kowa ya tsaya cak. Akwai wata yarinya da rukuninta suka ci abincin rana da la'asar sakaliya saboda ba ta raba aikin neman itace ba, ta ɗauka kowa zai gane da kansa. Babu wanda ya yi mata faɗa. Washegari, da aka ba wata shugabancin, ita ce ta je ta raɗa mata ta raba aiki tun kafin a fita.

Ina roƙonku ku bar tsallen kwaɗo da kamun kunne da bulala a gida. Wasu suna ɗauka horon shugabanci shi ne a wahalar da yara irin na barikin soja. Yaron da aka horar da haka, abin da zai koma makaranta da shi ke nan, kuma 'yan ƙananan aji ne za su sha. Wahalar da ke cikin hawan dutse da ɗaukar ruwa da tashin asuba cikin sanyi ta isa, kuma wahala ce mai dalili wanda yaro yake gani da idonsa. Haka nan ba a tilasta wa mai tsoron tsayi ya hau inda zuciyarsa ta ƙi, ba a kuma bari a yi masa dariya. A ce masa ya ƙara taku biyu kan inda ya tsaya, in ya yi, an gode masa.

Ayyukan da za a ba su ba sa bukatar kaya masu tsada. A ja layi biyu a ƙasa a ce wannan kogi ne, ga katako biyu da bulo uku, kowa ya haye ba tare da ya taka ƙasa ba. A ɗaure wa rukuni ido a ba su doguwar igiya su yi murabba'i da ita, da magana kaɗai. A ba su takarda da fensir su zana taswirar hanyar da suka bi, wani rukunin ya bi ta ya gani ko za ta kai shi. Da dare, ni da nake malamin labarin ƙasa ba na barin taurari su wuce a banza: ga Kaza da 'ya'yanta a sama lokacin hunturu, ga tauraron arewa can ƙasa-ƙasa, don tsayinsa daga doron ƙasa daidai yake da nisan garinku daga layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu a taswira, kusan digiri 12 a Kano. Daga shi sai su fitar da gabas, su kuma gane cewa alƙiblarmu gabas ce da ta karkata arewa. A ware wuni guda ko rabinsa don yi wa mutanen gari aiki, amma dagaci za a tambaya me suke so, kada a yanke musu. Wataƙila share harabar asibitin garin ne, ko gyara magudanar ruwa ta bakin rijiya.

Lokutan salla su ne ginshiƙin jadawalin wuni, yara ne ke kiran salla, su ne ke limanci bi da bi. In tafiyar mai nisa ce a tambayi malamin addini hukuncin ƙasaru tun kafin a tashi. Ɗalibai Kirista a ba su lokaci da wurin addu'arsu, in Lahadi ta faɗo ciki a shirya musu ibada.

Bayan isha'i kowane rukuni ya zauna da malaminsa minti 30 zuwa 40. Wannan zama ko an gaji ba a tsallake shi, don a nan ne abin da ya faru da rana yake zama darasi. Shugaban ranar ya fara magana: me ya yi niyya, me ya faru, me zai sauya. Sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da shugaban ya yi daidai da abu ɗaya da zai gyara, ana kiran aikin da aka yi, ba a taɓa halin mutum ko gidansu ko garinsu. Daren farko za su yi ta “ba komai, Malam” da “ya yi ƙoƙari”. Yi haƙuri, ka yi tambaya mai kama abu: wa ya yanke shawarar a bi ta hagu? Wa aka tambaya? Wa ya san hanyar amma bai yi magana ba, kuma me ya hana shi? Zuwa dare na uku sai ka ji suna gaya wa juna gaskiya cikin ladabi. Kai ma ka ba su dama su faɗi abin da malamai za su gyara.

Abinci, ruwa da lafiya

Tambayi masu dafa abincin makaranta ma'aunin da suke yi wa yara arba'in, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku, don yaron da ya wuni yana hawa yana ci sosai. Shinkafa da wake da mai da yaji, taliya, koko ko shayi da burodi da safe. Na aljihu kuma garin kwaki da suga, ƙuli-ƙuli, gyaɗa da dabino. A auna wa kowane rukuni nasa a ba ma'ajinsu, in suka cinye na kwana biyu a rana ɗaya su san yadda za su lallaɓa, kai kuma kana da ajiyar da ba su sani ba.

Ruwa a lissafa aƙalla lita 15 ga kowane mutum a wuni, na sha da girki da tsarki da alwala. Ranar tafiya kowa ya ɗauki lita biyu a jikinsa, a kuma san inda za a ƙara. Ruwan da ba na famfo ko burtsatse ba a tafasa shi. Hunturu yana yaudara, yaro ba ya jin ƙishirwa alhali jikinsa yana bushewa, saboda haka mai kula da ruwa ya riƙa tsayar da mutanensa suna sha, a kuma koya musu cewa fitsarin da ya yi ja alamar ƙarancin ruwa ce. In gudawa ta kama wani kuma babu ƙullin ruwan gishiri da suga na asibiti, a haɗa lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa da ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin. In za a haƙa masai, ya yi nisan mita 30 ko fiye daga rijiya ko rafi, a ajiye sabulu da buta a bakinsa.

A tafi da ma'aikacin jinya, ko aƙalla malamin da ya yi horon taimakon gaggawa wurin Red Cross, da mota mai mai a tanki wadda ba ta barin sansani. Kowa ya kwana cikin gidan sauro. Takalmi rufaffe, a kakkaɓe shi da safe saboda kunama, kuma ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In maciji ya sari yaro, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɓata lokaci wurin mai magani. A kwantar masa da hankali, a cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Kububuwa, wadda ta yi yawa a sassan Gombe da Filato da Taraba, dafinta yana hana jini daskarewa, kuma yaro yana iya zama kamar lafiyarsa ƙalau a awannin farko, don haka ko ya ce ba ya jin komai a tafi. Asibitin Kaltungo ya yi suna a wannan fanni, amma ku tun ranar leƙen wuri ku tambayi wane asibiti ne kusa da ku yake ajiye allurar. Wanka a dam ko kududdufi ko kogi kuwa na hana shi gaba ɗaya. Yawancin yaranmu ba su iya iyo ba, ga kuma tsargiya. In aka ji tsawa ana kan dutse a sauko, kada a fake ƙarƙashin bishiyar da take ita kaɗai, a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe kafin a ci gaba. Ƙidayar yara kuma ba ta ƙarewa: kafin a hau mota, bayan an sauka, a kowane hutu, da kafin a kashe fitila. Shugaban rukuni ya ƙirga, malami ya sake ƙirgawa.

Ranar ƙarshe yara su share wurin, su kashe wuta da ruwa har toka ta huce, su kwashe leda, su je su yi wa dagaci godiya da bakinsu. Cikin mako guda ka kai wa shugaban makaranta rahoto, ka kai wa iyaye lissafin kuɗi, in da canji a mayar. Sannan ka ɗauko ɗan littafin nan naka. Da an dawo hutu, kowane rukuni ya zaɓi aiki ɗaya da zai riƙe a makaranta har ƙarshen zango, kamar tsara layin ɗiban ruwa a ɗakin kwana, ko lambun makaranta, ko taimaka wa 'yan aji ɗaya da karatun dare, kuma a ci gaba da zaman bita sau ɗaya a wata. In lokacin naɗa shugabannin ɗalibai ya zo, ka kai littafin gaban kwamiti, ka karanta musu wanda ya ɗauki jakar abokinsa da ya gaji, da wadda ta lura ruwa ya kusa ƙarewa kafin kowa ya lura, don a sa sunayensu cikin waɗanda za a duba.